Wa Ya Ga Fuskar Dodo? Tarihin Buga Labaranmu na Ban Tsoro da Zane-zanensu

Gabatarwa

Wata rana a aji, bayan mun gama karanta labarin Le Petit Poucet na Charles Perrault, na ce wa ɗalibaina kowa ya fiddo takarda ya zana mini ƙaton nan mai cin yara da ke cikin labarin. Da na tattara takardun sai na tarar kusan abu guda suka zana: ƙato mai tumbi, idanu waje, riƙe da wuƙa. Ban yi mamaki ba, don kuwa hoton da ke cikin littafinmu ke nan. Da mako ya zagayo, a darasin Hausa, sai na ce su zana mini Dodo. Nan fa aka yi cirko-cirko. Wani ya yi masa ƙaho, wani wutsiya, wata ta yi masa gashi har ƙasa, wani kuma rijiya kawai ya zana ya ce ai yana ciki. Wata yarinya ta miƙo mini takarda da ta murje da alƙalami har ta yi baƙi ƙirin, ta ce: "Mushe, da dare yake zuwa, ba a ganin shi."

Wannan ɗan abu shi ya sa na koma bin diddigin wata tambaya: tun yaushe aka fara sa labaranmu na dodanni da aljanu da fatalwa cikin littafi, su wane ne suka yi aikin, don wa suka yi shi, kuma wa ya fara ba waɗannan halittu fuska a takarda? Amsar ta shafe mu, mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu na gundumomin Tasawa da Mayahi. Tun da dokar tsarin ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, buƙatar littattafan karatu na yara ta ƙaru, kuma tatsuniya ce farkon abin da kowa zai kai wa hannu. Ya kamata mu san abin da na gaba suka yi kafin mu ɗora namu.

Abubuwan tsoro da sunayensu

Bahaushe bai zuba abubuwan tsoronsa cikin kwando guda ba. Fatalwa ita ce mamacin da ake cewa ya dawo, galibi cikin farin likkafani, kusa da maƙabarta ko a gidan da ya bari. Kurwa ta mai rai ce, ita maye ke kamawa. Aljanu ko iskoki halittu ne masu zaman kansu, waɗanda ake cewa suna zaune a tsamiya da kuka da suri da kufai da tsofaffin rijiyoyi. Dodo kuwa ɗan tatsuniya ne, kuma kamanninsa ba su tsaya wuri guda ba. A wannan tatsuniya yana cikin ruwa, a waccan yana dawa. Wani lokaci yakan haɗiye gari guda da mutanensa da shanunsa, wani lokaci ya rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya auri budurwar da ta ƙi samarin garinsu. A wurare da yawa an ce yana tsoron karnuka.

Hanyar ba da waɗannan labarai ma iri biyu ce. Akwai tatsuniya, wadda a nan gefenmu muke ce wa gatana. Da dare ake yin ta, tana da mabuɗi da marufi, kuma mai yin ta yakan nuna a ƙarshe cewa ƙarya ya shara. Akwai kuma labari, wanda mai faɗinsa yake rantsuwa cewa ya faru. Shi yana da sunan mutum, da sunan gari, da lokaci: wane ne ya taso daga kasuwar Mayahi bayan magariba, ya ratsa cikin gorubar Gulbin Kaba, ya gamu da mace doguwa a tsaye. Labaran fatalwa kusan duk irin na biyun ne.

Wannan bambanci ya yi tasiri ƙwarai a tarihin ɗab'i. Tatsuniya ba ta da mai ita, kowa na iya ɗauka ya rubuta. Labarin fatalwa kuwa yana da dangi, domin mamacin da aka ce an gani uban wani ne ko kakar wata. Shi ya sa kundayen da za mu duba suka cika da Gizo da Ƙoƙi da Dodo da aljanu, fatalwa kuwa ba ta cika leƙowa ba.

Kada kuma a ɗauka cewa kafin zuwan littafi mai hoto Bahaushe ba ya da hanyar nuna abin da ido ba ya gani. A wasan bori, wanda masu bincike irin su Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas suka yi nazari a kansa a yankin Maraɗi, ana gane kowane iska ta tufafinsa da tafiyarsa da muryarsa da kiɗansa: Ɗan Galadima da adonsa na ɗan sarki, Malam Alhaji da tarinsa na tsufa, Kuturu da naɗaɗɗun yatsunsa. Fuskar dai ta wanda aka hau ce. A Wagadugu ma akwai wasan yara na watan azumi da ake kira Dodo, wanda ake danganta asalinsa ga fataken Hausawa na ƙarni na 19, inda yara ke rufe fuska da ƙwarya ko wani abu da aka yi wa siffar dabba. Ke nan muna da al'adar nuna alama, mu bar wa mai kallo ya cika sauran.

Dorugu, yaron Dambanas

Farkon tatsuniyoyin Hausa da suka shiga injin ɗab'i daga bakin ɗan ƙasarmu suka fito. A watan Janairu na 1851 matafiyan nan Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg, suka sauka Tasawa. Daga nan Barth ya nufi Katsina da Kano, Overweg ya yi wajen Maraɗi da Gobir, daga baya suka haɗu a Kukawa ta Barno. A ƙasar Barno ne Overweg ya ƴanta wani yaro bawa mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas ta wajen Kance, wanda aka kama yana ƙarami aka bi da shi ta Damagaram. Bayan rasuwar Overweg a 1852, Dorugu ya bi Barth har Tambutu, kuma a 1855 ya tafi da shi Turai.

A Ingila Dorugu ya zauna wajen wani ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa. Yaron yana faɗi, Schön yana rubutawa. Daga wannan zama aka sami kaso mai yawa na littafin Magana Hausa da aka buga a London a 1885, mai ɗauke da tarihin rayuwar Dorugu da tatsuniyoyi da labarai. C. H. Robinson ya sake gyara shi ya fitar a 1906. Dorugu ya komo Afirka, ya ƙare rayuwarsa a Kano yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa, ya rasu a 1912.

Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na farko, sunan da ke bangon littafin na Schön ne. Na biyu, ba don yaran Kance ko Tasawa aka buga shi ba, an yi shi ne don Turawa masu koyon Hausa. Tatsuniyar da aka saba ji cikin duhu, da sauya murya da waƙa da amshi, ta zama abin koyon nahawu. Har a 1971, da Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da tarihin Dorugu da Ingilishi a Amurka, taken littafin ya danganta labarin ga Arewacin Nijeriya, alhali cibiyar mai labarin a wannan gefen iyaka aka binne ta.

Zamanin kumandoji da razdanoni

Cikin shekaru biyar, daga 1909 zuwa 1914, aka buga tatsuniyoyin Hausa fiye da duk abin da aka buga kafin nan. Dalili a fili yake: mulkin mallaka ya kafu, kuma mai mulki yana bukatar jin harshen waɗanda yake mulka.

A gefen Faransa, ayarin Kyaftin Jean Tilho ya yi aikin shata iyaka tsakanin kogin Kwara da tafkin Cadi daga 1906 zuwa 1909, ita ce iyakar da ta raba mu da Katsina da Daura. Tafintan ayarin, Moïse Landeroin, ya zauna da dattawa ya rubuta tarihin sarautun wannan yanki, har da na Tasawa da Maraɗi da Gobir. Shi da Tilho suka fitar da Grammaire et contes haoussas a Paris a 1909. Sunan littafin kansa ya faɗi matsayin tatsuniya a cikinsa: nahawu a gaba, ita a baya.

A gefen Ingila, aikin ya fi girma. Razdan na Sakkwato, John Burdon, ya sa malamai sun rubuta tatsuniyoyi da labarai da ajami. Frank Edgar ya karɓi takardun, ya ƙara da nasa, ya mayar da su boko, aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a Belfast, littafi na ɗaya da na biyu a 1911, na uku a 1913. Har yau yana cikin manyan rumbunan adabin baka na Hausa. Neil Skinner ya fassara shi zuwa Ingilishi, kashin farko ya fito a 1969, sauran a 1977. Da hannun Edgar ɗin kuma aka fitar da Dare Dubu da Ɗaya da Hausa a 1924, wanda ya shigo da ifiritai da aljanun tulu na Gabas cikin karatun boko.

A 1913 ne kuma R. S. Rattray ya fitar da Hausa Folk-Lore a Oxford, littafi biyu. A ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya yi aikin, tare da wani malami Bahaushe, Malam Shaihu, wanda ya rubuta tatsuniyoyin da hannunsa. Abin da ya bambanta wannan bugu shi ne an ɗauki hoton rubutun ajamin malamin an buga shi yadda yake, tare da boko da fassara. A ganina wannan shi ne bugu mafi mutunci a duk na wancan zamani. Adonsa shi ne hannun Malam Shaihu, kuma duk almajirin da ya iya ajami zai iya buɗe shi ya karanta ba tare da ya taka lakol ba.

A. J. N. Tremearne kuwa wata hanya ya bi. Littafinsa Hausa Superstitions and Customs na 1913 yana da tatsuniyoyi ɗari da Ingilishi, cike da hotuna da zane-zane na mutane da tukwane da kayan aiki. A 1914 ya ƙara da The Ban of the Bori, wanda ya yi bincikensa cikin Hausawan Tunis da Tarabulus. A nan hoto ya shigo da yawa, amma idon mai hoton yana kan masu ba da labarin ne, yana nuna wa mutanen London irin mutanen da suka yarda da waɗannan abubuwa. Kalmar camfi da ke kan bangon littafin farko ta riga ta yanke wa abin da ke ciki hukunci.

Yadda wasu suka fuskanci matsalar

Kafin mu je Zariya, inda aka fara yi wa mai karatu Bahaushe zane, yana da kyau mu leƙa yadda abin ya kasance a ƙasashen da suka riga mu, don matsalar guda ce ko'ina: yaya za a zana abin da ƙarfinsa yake cikin rashin ganinsa?

Perrault ya buga tatsuniyoyinsa a 1697. A 1862 mai ɗab'i Hetzel ya fitar da su da zane-zanen Gustave Doré. Ƙaton da Doré ya zana, ya sunkuya da wuƙa a kan yara masu barci, idanunsa kamar za su faɗo, shi ne ya zauna a zukatan masu karatun faransanci, shi ne kuma ɗalibaina suka kwafa bayan shekaru fiye da 160. Zane mai ƙarfi yakan rayar da littafi, amma yakan kuma rufe ƙofar sauran siffofin da kakanni suka sani.

A Ingila, wani malamin jami'ar Cambridge, M. R. James, ya saba karanta wa abokansa labaran fatalwa da ya rubuta, da dare a hasken kyandir, lokacin Kirsimeti. Wato shi ma a baki ya fara, kamar gatana. Da za a buga su a 1904 da sunan Ghost Stories of an Antiquary, abokinsa James McBryde ya ɗauki aikin zanen, amma ajali ya cim masa bayan ya gama guda huɗu kacal. James bai yarda a kawo wani ya ƙarasa ba, aka buga littafin da huɗun nan. Wanda ya fi shahara a cikinsu yana nuna mayafin gado ya tashi tsaye ya nufi mutum. Abin da aka gani ƙyalle ne kawai, abin da ke cikinsa an bar wa mai karatu.

Masu koyar da Le Horla na Maupassant, na 1887, sun san irin wannan. Halittar da ke cikin labarin ba a ganin ta sam. Ana gane zuwanta ne idan ruwan da aka ajiye ya ragu cikin dare, ko shafin littafi ya juya da kansa. Duk mai zanen da ya yi ƙoƙarin ba ta jiki ya rage wa labarin wani abu.

Zariya: an fara yi wa Bahaushe zane

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga cikin littattafan da ta haifar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin malami ne a Katsina, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara. Dukansu biyu sun kai jaruminsu ƙasar aljanu. Daga 1937 zuwa 1939 aka buga Magana Jari Ce, littafi uku, inda Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya da na gida, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne.

A wannan zamani an yi littattafan labarai don ɗan makaranta Bahaushe ya karanta ya ji daɗi, wasunsu da zane a ciki. Aikin ya ci gaba a Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, wadda a zamaninta littattafai irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa suka bazu, sannan kamfanin NNPC daga 1966. Daga cikin masu zanen littattafan Zariya akwai wata ƴar Beljiyam, Jacqueline de Naeyer, matar East. Zane-zanen na baƙin tawada ne, marasa tsada wajen bugawa, kuma inda suka fi kyau shi ne wajen nuna abin da mai zane ya gani da idonsa: rawani, doki, zaure, kasuwa. Idan aka zo kan aljani kuwa, sau da yawa sai hannu ya koma ga abin da ya saba gani a littattafan Turai na Dare Dubu da Ɗaya.

A 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, ƙananan littattafai shida masu zane don ƴan firamare. A nan Bahaushe ne ya tattara, Bahaushe ya tsara, don ƴaƴan Hausawa. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma littattafan kasuwar Kano suka ɓarke, cikinsu har da na yaƙi da matsafa da aljanu, masu bango mai launi, waɗanda kamanninsu suka fi kusa da hotunan tallar finafinan Indiya. Duk waɗannan sun ƙetaro iyaka cikin kayan fatake, ta Jibiya da Katsina, kuma da yawa daga cikinmu a cikinsu muka fara ganin Hausa a rubuce.

Wannan gefen iyaka

Me ya sa sai da muka jira kayan Zariya? Domin lakol ta Faransa ba ta yarda da harshen gida ba. Yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, sai a rataya masa alamar nan ta horo da ake kira sambol. Littattafan da aka ba shi su ne Mamadou et Bineta na André Davesne, da Contes de la brousse et de la forêt na Davesne da Gouin, daga baya kuma La belle histoire de Leuk-le-lièvre na Senghor da Abdoulaye Sadji, na 1953. Littattafai ne masu daɗi da zane mai kyau. To amma sakamakon shi ne ɗan Korgom ko Kanambakashe ya san fuskar zomon Senegal tun bai taɓa ganin Gizo a takarda ba.

Bayan samun mulkin kai abubuwa suka fara motsi. Taron Bamako na 1966 ya tsara yadda za a rubuta harsunan yankin, har da Hausa. A 1968 aka kafa cibiyar tattara al'adun baka a Yamai, wadda daga baya ta zama CELHTO. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1974 kuma aka kafa INDRAP mai tsara littattafan makaranta. Boubou Hama ya buga Contes et légendes du Niger, littafi shida, a Paris tsakanin 1972 da 1976, Jacques Pucheu kuma ya fitar da Contes haoussa du Niger a 1982. Amma waɗannan da faransanci suke, kuma tsohuwar da ta ba da gatanar ba za ta gane kayanta ba in an karanta mata. A fagen majigi, Moustapha Alassane ya ɗauki labarin dodon ruwa na Boubou Hama ya yi fim ɗin Toula a 1973. Sai a farkon shekarun 2000, bayan dokar ilimi ta 1998 da ƙa'idar rubutu ta 1999, maɗaba'ar Albasa ta Yamai, da tallafin Jamus, ta fitar da jerin littattafan karatu cikin harsunan ƙasa. An yi ƙoƙari, amma duk wanda ya nemi littafin gatana na Hausar Maraɗi a kasuwar Tasawa ya san yadda abin yake da wuya.

Kaburburan Maijirgi

Akwai labari guda na ƙasarmu da ya nuna abin da ke faruwa idan muka bar wa wasu rubutu da zane. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar nan yana ƙone garuruwa yana kashe mutane. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17, aka binne su a Maijirgi. Littattafan faransanci sun ruwaito cewa a 1923 wani matashin jami'in mulki a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tone kaburburan aka tarar ba kowa ciki. Daga nan jita-jita ta bazu a Faransa cewa Voulet bai mutu ba, yana can cikin hamada.

Ga kabari ba gawa, ga mugun da aka ce bai mutu ba: duk abin da labarin fatalwa ke bukata ya cika. An rubuta shi da faransanci sau da yawa, kuma tun 1899 jaridun Paris masu hotuna suka zana mutuwar Klobb, da hannun mutanen da ba su taɓa ganin Ɗankori ba. Amma abin da jikokin waɗanda aka kashe suke faɗi a Maijirgi da Ɗankori da Kona, game da rijiyoyi da wuraren da ba a son bi da dare, mafi yawansa yana nan a baki. Su ne suka ga dodon da idonsu, kuma su ne ba a tambaya ba lokacin da ake zana shi.

Abin da ya rage gare mu

Yau yaro yana buɗe wayar salula ya ga aljani mai fukafukan jemage da ƙahon shaiɗanin cocin Turai, wanda na'ura ta haɗa cikin ƙiftawar ido, an rubuta Dodo a ƙasansa. In ba mu yi namu ba, wannan ne zai zauna, kamar yadda ƙaton Doré ya zauna. Daga tarihin da muka bi, ga abin da nake ganin ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙe.

Duk gatanar da aka ɗauka, a rubuta sunan mai ita da garinta da ranar da aka ɗauka, da izininta. Abin da aka yi wa Dorugu da malaman Sakkwato kada mu maimaita shi a kan iyayenmu.

A bar wa gatana harshenta. In tsohuwa ta ce tahi, ko ɗiya, ko shina, kada a gyara mata zuwa tafi da ƴa da yana. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta a gabatarwa da bayani. Waƙoƙin da ke cikin gatana a rubuta su cikakku, don a nan tsoron yake taruwa. In za a sa faransanci, a sa shi a shafin da ke fuskantar Hausar, kamar yadda Rattray ya jera nasa.

Labarin fatalwa, in za a buga shi, a sauya sunan mamaci da na gidansa, a kuma nuna wa yaro a fili cewa wannan abin da mutane ke faɗi ne. Haka zai kare mutuncin dangi, ya kuma kwantar da hankalin malaman addini da iyaye.

Game da zane, a nemi masu zane na gida, a roƙe su su ba da ƙarfinsu ga abin da suka sani: rumbu da darni, rijiya da gugarta, goruba da gawo, fitilar ƙwai, fuskar yarinyar da ta waiwaya. Dodo kuwa a nuna sawunsa a bakin tabki, ko inuwarsa a jikin danga, ko karnukan da suka tashi da haushi. In ya zama dole a nuna shi, kada ya zama siffa guda daga farkon littafi har ƙarshe, tun da a bakin masu gatana ma ba siffa guda gare shi ba. Baƙin tawada ya isa, ya kuma fi araha, yadda littafin zai kai hannun ɗan Urafan da ɗan Cake.

Kammalawa

Daga Magana Hausa na 1885 zuwa yau shekaru 140 ke nan da ɗoriya. A tsawon wannan lokaci mun ba da labari wasu sun rubuta, mun rubuta wasu sun zana. Ba a raina abin da suka yi ba, don ba don su ba da tatsuniyoyi da yawa sun bi masu su kushewa. Amma tsofaffin da suka iya gatana a ƙauyukan Tasawa da Mayahi suna ƙarewa, kuma kowace damina da ta wuce tana tafiya da wasu. Kowane malami yana da ɗalibai, kowane ɗalibi yana da kaka, kuma wayar da ke kawo mana dodannin wasu tana iya ɗaukar murya. Hutun da ke tafe ya isa a fara.

Takardar nan baƙa ta ɗalibata tana nan cikin jakata. In Allah ya nufa ƙungiyarmu ta buga kundinta na farko, ita zan roƙa a sa a bango.